Sheƙin Banish da Bencin Ƙofar Gida

A kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa da ke Kano, ko Fanteka ta Kaduna, sheƙi ne ke sayar da benci. Kafinta ya goge katako da sanfefa, ya shafa kala mai ja-ja don farin katako ya yi kama da maɗaci, sannan ya bi shi da banish hawa biyu ko uku. Mai saye ya ga yana ɗaukar ido, ya biya. To amma wannan gyara na kayan falo ne, alhali bencin majalisa da na mai shayi a waje suke wuni, a waje suke kwana.

Katako ba ya daina motsi ko bayan an sare shi. A watan Agusta ya sha laima ya kumbura. Da hunturu ya kankama, laimar iskar Kano ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sai ya tsuke. Ita kuwa banish fata ce kawai a bisa, ba ta iya bin wannan kai-komo. Hasken rana yana ratsa ta ya cinye sinadarin da ke riƙe da zaren icen, shi ya sa katakon waje ke komawa ruwan toka. Fatar na tsagewa, ruwan damina ya shiga ya rasa hanyar fita, ruɓa ta faro daga ciki.

Masassaƙan gargajiya sun fi fahimtar yanayin ƙasar nan. Su daga zaɓen ice suke farawa: ƙirya don turmi, kawo da maɗaci don kujera, kuma zuciyar icen suke nema, wadda gara ba ta cika kusanta ba. Dirkar da za a kafa a ƙasa a babbake gindinta. Abin da hannu zai riƙa taɓawa a mulke shi da man kaɗe ko na gyaɗa. Mai cikin ice yake shiga, ba ya ɓarewa, in ya bushe a ƙara wani.

Sai dai irin waɗannan itatuwa sun yi wuya. Maɗobiya, alal misali, ta sha sara ana lodinta zuwa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Abin da ya cika kasuwa yau malaina ce da obeche, kuma obeche ba ya jure ruwa ko gara.

Nan ne baƙin mai ya samu shiga. Yana da arha, yana korar gara, ana shafa shi a katakon rufi. Amma man da ya fito daga inji yana ɗauke da gurɓatattun sinadarai masu cutar da fata, bai kamata a kai shi inda yara ke zama ba.

Ga katako mai arha, fenti mai mai ya fi banish nesa ba kusa ba, domin launinsa yana tare rana. Wurin da ya fi buƙatarsa kuwa shi ne wanda aka fi mantawa: tafin ƙafafun benci, inda katako ke zuƙar ruwa daga ƙasa. Mai sayen bencin waje ya tambayi kafinta sunan icen, ya kifa bencin ya duba ƙafafun kafin ya biya kuɗi.