Agogo ba ya jin warin albarushi

Idan an gama yankan dawa, daji ya buɗe har kana hango kuka daga nesa, lokacin ne samarin ƙauyukanmu na tsakanin Ƙaraye da Rogo suke ciro bindigogin gado daga bayan tukwane su goge musu tsatsa. Bana na ga abin da ban saba gani ba. Ɗan yayata, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya jingina wani tsohon kwanon sha a jikin kututturen marke a bayan gari, ya ƙirga taku ashirin, ya miƙa wa abokinsa waya. Wayar ta yi shiru kamar mai tunani, can sai ta ce "tiiit". Yaro ya hau ɗura adaka hannu na rawa: ya zuba albarushi, rabi a ciki rabi a kan takalminsa, ya cusa tsumma, ya danna, ya ɗaga, ya saki. Hayaƙi ya turnuƙe. Abokin ya daka tsalle yana cewa, "Sakan 28! Ka karya na jiya!" Suka tafa, suka haɗa kai a kan waya. Babu wanda ya je ya duba kwanon.

Kawuna, wanda ya yi shekara arba'in yana bin sawun gada, yana zaune a kan buzu yana kallo. Abin da ya ce bai wuce wannan ba: "Kai yaro, wa ke korarka?"

Na san inda yaran suka samo abin. A YouTube da TikTok akwai dubban bidiyoyin masu gasar harbi da ƙaramar bindiga, yawancinsu a Amurka da Turai, kowane da alƙali a bayansa riƙe da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Aikinta biyu ne. Tana yin ƙara don a fara, kuma ba ta yi a lokacin da ka zata, saboda kada ka riga ta. Sannan tana da kunne: duk harbin da aka yi sai ta rubuta lokacinsa har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Idan ka gama sai ta gaya maka tsawon lokacin da ka ɗauka kafin harbin farko, da tazarar da ke tsakanin kowane harbi da mai bi masa, da inda ka ɓata lokaci wajen sake harsashi. Kamfanoni irin su PACT da CED sun yi suna a ƙera ta, yanzu kuma an mai da ita manhajar waya da kowa zai iya saukewa.

Ba zan ɓoye ba, na'urar ta burge ni, kuma dalilina na farko shi ne na girma a cikin maharba. Allah ya yafe mana, babu mai ƙarin gishiri kamar maharbin da ya dawo daga daji shi kaɗai. Zomon da ya kubce masa kullum aljani ne, wanda ya samu kuwa kafin ya ƙifta ido ya kayar da shi. Irin wannan cika baki shi ne agogon ya zo ya kashe a duniyar masu gasa. Kafin a ƙera shi, da agogon hannu ake auna su, yatsan alƙali kuwa yana iya yin nauyi ko sauƙi gwargwadon wanda ke harbin. Da na'urar ta zo sai musu ya ƙare. Lokacin da Jerry Miculek ya harba harsashi takwas daga libarba cikin daƙiƙa ɗaya a 1999, ya kuma harba shida, ya sake ɗuri, ya ƙara shida cikin daƙiƙa 2.99, ba a buƙaci rantsuwar kowa ba. Mai koyo ma ya samu malamin da ba ya jin kunyarsa: yana iya saita ta ta yi ƙara ta biyu bayan daƙiƙa biyu, ya yi ta atisaye a ɗaki da bindiga babu harsashi, yana ganin ko hannunsa ya ƙaru ko yaudarar kansa yake yi.

Amma yaranmu rabin darasin suka ɗauko. Ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri, Jeff Cooper ya zama shugabanta na farko, ta gina wasan a kan abubuwa uku: dacewar saiti, ƙarfin harsashi, da sauri. Yadda suke lissafi shi ne a tara makin da ka samu a jikin abin bara, a raba da lokacin da ka ɗauka. Wanda ya kuskure kuma cire masa maki ake yi. Ashe da ɗan yayata a can yake, sakan 28 ɗinsa sifili ne, domin babu, ko da me ka raba ta, babu za ka samu. Ko a gasar Olamfik, inda ake harba harsashi biyar daga nisan mita 25 cikin daƙiƙa takwas, sannan shida, sannan huɗu, lokaci shinge ne kawai. Inda harsashin ya sauka shi ake ƙirgawa. Matsalar bidiyo ita ce lambar agogo tana fitowa ɓaro-ɓaro a fuskar waya, ramin da ke jikin kwali kuwa ba ya ganuwa daga nesa. Abin da ido ya gani shi yaro ya kwaikwaya.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne irin bindigar da ake wannan tsere da ita. Fistol ba abin hannun kowa ba ne a Nijeriya: dokar bindigogi ta 1959 ta sa ta cikin jerin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar toka ce kawai talaka ke iya neman lasisinta daga kwamishinan 'yan sanda. Don haka duk wanda ya kwaɗaitu da wasan a Ƙaraye ko Rogo, adakar kakansa zai ɗauka. Ita kuwa ba a ƙera ta don gaggawa ba. Harsashin fistol a rufe yake cikin kwansonsa, gwargwadon da masana'anta ta auna. Adaka ta baki ake ɗura mata, da hannu, da ƙiyasin ido, a cikin bututun da maƙerin ƙauye ya haɗa. Bayan harbi, guntun tsumma na iya maƙalewa a ciki yana ci da wuta a hankali. Ka yi saurin zuba sabon albarushi a kai, sai ya tashi alhali hannunka da fuskarka suna kan bakin. Mai sauri yana mantawa ya riga ya ɗura ya ƙara wani a kai. Mai sauri ba ya danna ɗuri ya zauna sosai. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya isa ya jawo mummunan rauni. Duk ƙauyen da ke da mafarauta yana da dattijon da ke gaisawa da yatsu uku, kuma idan ka tambaye shi ba zaki ne ya cinye sauran ba.

Ba banza kakanninmu suka sa mata suna harba-ka-ruga ba. Sun san harbi ɗaya gare ta, sai suka zuba dukan gwanintarsu a cikin abin da ke gaban harbin: sanin inda iska ta dosa, rarrafe cikin ƙaiƙayi, kwanciya a gindin sabara tun asuba har zabin daji su sauko kiwo. Maharbi na iya yin sa'a uku bai motsa ba, ƙudan zuma na yawo a kunnensa. Wannan duka agogon ba ya ji, domin shi ƙara kawai yake saurare. Shaida ne mai gaskiya, amma kurma ne ga duk abin da ba ya fashewa.

Manhajar waya kuwa ko gaskiyar ma ba kullum ba. A ranar da nake ba da labari, a zagaye na uku, wayar ta rubuta harbi bakwai daga bindigar da ke ɗaukar ɗaya. Aka yi ta mamaki, har aka gano wata baiwar Allah ce ke daka gero a gidan da ke kusa, kunnen wayar yana ƙirga saukar taɓarya.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a jefar da abin. Akwai wurin da nake ganin zai yi amfani, kuma ba daji ba ne, ƙofar fada ce. Masu bindigar sarki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano. Tarihin sarakuna ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dakarun bindiga masu tsaronsa. Abin takaici, sunansu na asali, 'yan bindiga, yanzu masu satar mutane sun ƙwace shi a bakin 'yan jarida, har sai ka ƙara "na sarki" kafin a fahimce ka. Su waɗannan ba bara suke yi ba, albarushi kawai suke tayarwa sama don sanar da fitowar sarki ranar hawa. Gwanintarsu tana cikin haɗin kai: ko a saki gaba ɗaya ƙasa ta girgiza, ko a jera ɗaya bayan ɗaya kamar kiɗa. A Maroko, mahayan Tbourida suna sukuwa a jere su harba tare, kuma abin da ake yaba musu shi ne kunne ya ji kamar bindiga ɗaya ce ta tashi. UNESCO ta sa wannan wasa cikin gadon al'adun duniya a 2021, ta sa hawan sallar Kano a Disambar 2024. To ga aikin da ya dace da na'urar: ta gaya maka tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe, ta nuna ko akwai mai riga ko mai makara. Masarautar Ƙaraye, wadda tun 2024 ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, tana da nata hawan da nata masu bindiga. Da zan samu kunnen shugabansu, sai in ce ya aro wayar yaran nan ranar atisaye, bisa sharaɗi ɗaya: kada a danna ta sai kowa ya gama ɗuri a tsanake, an duba, an jeru.

Na gaya wa ɗan yayata haka, ya saurare ni da ladabin da ake sauraren wanda ba za a bi maganarsa ba. Kawu bai yi dogon bayani ba. Ya karɓi adakar, ya shinshina bakinta, ya rataye ta a kafaɗarsa ya nufi gida, ya ce duk mai son ta ya zo ya same shi da asuba, ba waya. Washegari mutum ɗaya ne ya je, kuma ba ɗan yayar tawa ba ne, abokin nan ne mai riƙe agogo.

Kwanon kuwa yayata ta aika aka ɗauko mata. Yana nan a tsakar gida, kaji na shan ruwa a ciki, ko ɗigo ba ya yi.