Jinjina ga Maginan Ƙofar Lambun Bamako

Gina zaure a bakin tsohon lambu ba ƙaramin aiki ba ne, domin sabon gini kan danne tsohon wuri ya ƙwace masa kwarjini. Waɗanda suka tsara mashigar babban lambun shaƙatawa na ƙasar Mali sun kauce wa wannan tarko, sun kuwa cancanci a yaba musu.

Lambun yana gindin dutsen Kuluba a Bamako, kusa da gidan tarihin ƙasa, asalinsa tun zamanin mulkin Faransa. Gwamnatin Mali da gidauniyar raya al'adu ta Aga Khan suka farfaɗo da shi, aka buɗe a 2010, lokacin bikin cikar ƙasar shekara 50 da samun 'yanci. Zanen mashigar da gidan abinci da wurin motsa jiki aikin Francis Kéré ne, ɗan ƙauyen Gando na Burkina Faso.

Dubi bangon: an lulluɓe shi da dutsen yankin, mai hana zafin rana ratsawa ciki. Dubi rufin kwanon: an ɗage shi sama a kan ƙarafa, ya zarce bango, iska na bi ta ƙarƙashi, mai jiran shiga yana cikin inuwa. Ginin bai yi gasar tsayi da itatuwa ba.

Sannunku da aiki, mai zane da magina da masu sassaƙar dutse. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe kyautar Pritzker ta zanen gine-gine.