Kalmar "Aboki" a Bakin Mutanen Ikko: Sharhi a kan Waƙar Ice Prince ta 2012

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin waƙar "Aboki" wadda Panshak Zamani, wanda aka fi sani da Ice Prince, ya fitar a shekarar 2012 ƙarƙashin kamfanin Chocolate City. Yawancin kalmomin waƙar na Ingilishi ne da Turancin Buroka, amma sunanta da turkenta kalma ce ta Hausa. Wannan ne ya sa ta cancanci kulawar masu nazarin harsunan Nijeriya. Za a dubi ma'anar kalmar a Hausa, da yadda ta sauya a unguwannin Ikko irin su Iddo da Agege, sa'an nan a auna ko waƙar, da hoton bidiyonta, da tashen da ta yi, sun mayar wa kalmar da martabarta.

2.0 Kalmar a Gidanta

A Hausa "aboki" suna ne na dangantaka, wato ma'anarsa ba ta cika sai an san wanda ake abota da shi. Shi ya sa galibi yakan zo da harafin nasaba, kamar haka:

(1) abokina, abokin Audu
(2) abokin aiki, abokin tafiya, abokin ciniki
(3) abokin wasa, abokin gaba, abokiyar zama

Misalan da ke (3) sun nuna cewa tushen ma'anar shi ne tarayya a cikin wani al'amari, ko da kuwa gaba ce ko kishi. Kalmar tana da tamata (abokiya) da jam'i (abokai), kuma wasulanta na biyu da na uku dogaye ne. Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya kira wani aboki ya ɗora kansa a matsayi ɗaya da shi.

3.0 Kalmar a Ikko

Zaman Hausawa a Ikko ya daɗe. A 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira da sunan Hausawa, kuma bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, tashar Iddo ta zama mashigar fatake da 'yan ci-rani. Cinikin goro ya raya zangon Agege, kasuwancin shanu da kayan gwari kuma ya tara jama'a a wurare irin su Mile 12 da Idi-Araba. Tun kafin haka Yarabawa suna da sunan da suke kiran Bahaushe, wato "Gambari", wanda masana tarihi suke dangantawa da fataken Kambarin Barebari.

Ga alama "aboki" ta shiga bakin mutanen gari ne ta hanyar ciniki. Ɗan tireda ko mai tsire yakan tarbi mai saye da "abokina", shi kuwa mai saye ya ɗauki kalmar ya mayar wa mai ita a matsayin suna. A wannan aro abubuwa huɗu sun faru. Na farko, nasaba ta faɗi, kalmar ta tsaya ita kaɗai. Na biyu, tsawon wasali ya ɓace. Na uku, jam'in Hausa ya kau, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar jam'in Ingilishi. Na huɗu, wanda shi ne mafi nauyi, ma'ana ta tashi daga dangantaka ta koma kan jinsi da sana'a: mai gadi, mai wankin takalma, ɗan ga-ruwa, ɗan acaɓa, ɗan canji. Daga nan ta gangara ta zama zagi, ana jefa ta ga duk wanda ake son a ce masa bagidaje, ko da bai taɓa ƙetare Kwara ba. Kalmar da asalinta take daidaita mutum biyu ta koma tana ɗaga mai kira, tana ƙasƙanta wanda ake kira. Haka kuma ba ta bambance Bahaushe da Babarbare, ko Bazabarme, ko mutumin Filato.

4.0 Waƙar da Fitowarta

Wannan batu na ƙarshe shi ne mabuɗin waƙar. An haifi mawaƙin a Minna a 1986, ya tashi a Jos, kuma ɗan ƙabilar Angas ne. A Kano ba za a kira shi Bahaushe ba, amma a Ikko shi ma aboki ne. Ya yi suna da waƙar "Oleku" a 2010, saboda haka lokacin da ya rungumi laƙabin a 2012 yana kan ganiyarsa. Chopstix ne ya haɗa kiɗan, daga baya kuma waƙar ta shiga faifansa na biyu, Fire of Zamani, na 2013.

Lokacin fitowarta ma abin dubawa ne. A watan Agusta na 2012 gwamnatin Babatunde Fashola ta kafa dokar hanya wadda ta hana 'yan acaɓa bin manyan tituna 475 na jihar, kuma 'yan Arewa suna da yawa a cikin masu wannan sana'a. Ke nan waƙar ta iske kalmar tana da zafi a kan titi.

Ta fuskar turke, waƙar kirari ce irin ta gambarar zamani. Dabarar mawaƙin ita ce ya ɗauki sunan raini ya jingina shi da dukiya da isa, ya maimaita shi a amshi har kunne ya saba jin sa cikin alfahari. A nan waƙar ta yi nasara. Kalmar mai gaɓa uku ce, kowace gaɓa ta ƙare da wasali, don haka tana hawa kiɗa ba tare da tilas ba, kuma wanda bai iya Hausa ba yana iya amsawa.

Sai dai akwai rauni a cikin wannan dabara. Idan abin da ya wanke aboki daga raini shi ne kuɗi, to mai gadin da ke kwana a bakin ƙofa yana nan inda yake. Kwatanci da wani mawaƙin Jos zai fito da wannan fili. Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya yi wa karen mota waƙa a cikin halin da yake, da wahalarsa da daƙilarsa, har mai sauraro ya gan shi a matsayin mutum. Ice Prince kuwa sai da ya sauya wa aboki tufafi kafin ya gabatar da shi. Hausar da ke cikin waƙar ma ado ce, ba ita take ɗauke da saƙo ba, saɓanin abin da Bala Miller ya yi a "Ikon Allah", ko Funmi Adams a "Ahayye Yaro", inda Hausa ta riƙe waƙa daga fari har ƙarshe.

5.0 Hoton Bidiyo da Tashe

An ɗauki hoton bidiyon a birnin Los Angeles na Amurka. Wannan zaɓi ya dace da turken kirari, amma ya ƙara tabbatar da raunin da aka ambata, domin zangon Agege da tashar Iddo, inda kalmar ta sami sabuwar ma'anarta, ba su sami gurbi ba. Mai kallo ya ga inda ake fata aboki ya kai, bai ga inda ya fito ba.

Game da tashe, wajibi ne manazarci ya yi hattara. A 2012 jadawalin waƙoƙi a Nijeriya na gidajen rediyo ne da tashoshi irin su Soundcity da MTV Base, kowa da ma'auninsa, fayafayai kuwa suna bi ta kasuwar Alaba inda ƙididdiga ba ta tabbata. Sai a 2020 TurnTable ta fara jadawali mai haɗa alƙaluman rediyo da na intanet. Saboda haka shaidar da ta fi ƙarfi ita ce sabon zubin waƙar na 2013, wanda ya haɗa Wizkid da M.I da 'yar wasa Mercy Johnson, da Sarkodie daga Gana, da Khuli Chana daga Afirka ta Kudu. A shekarar ce kuma mawaƙin ya karɓi lambar BET ta gwanin Afirka. Ta haka kalmar Hausa ta shiga bakin matasan Ankara da Johannesburg, amma ta tafi ne da ma'anar Ikko.

6.0 Kammalawa

An ga cewa "aboki" ta bar gida tana nufin abokin tarayya, ta zama laƙabin jinsi a Ikko, sa'an nan waƙar 2012 ta yi ƙoƙarin mayar da ita kirari. Ƙoƙarin ya ƙara wa kalmar fuska ɗaya, bai kawar da sauran ba. Alal misali, shafin abokiFX, wanda Babban Bankin Nijeriya ya yi taƙaddama da shi a 2021 kan farashin dala, ya ɗauki sunansa ne daga ma'anar ɗan canji. Aikin da ya rage wa masana shi ne tattara yadda mazauna Agege da Iddo da Idi-Araba su kansu suke ji da kalmar, da lokacin da suke amsa ta da lokacin da suke ƙi, domin masu tsara ƙamus su san ko za su shigar da wannan ma'ana a matsayin ta biyu, ko kuwa su bar ta ga ƙamus na Turancin Buroka.