Kafin ka ƙara wa kwamfutarka gudu a zafin Wurno

Bidiyoyin koyar da ƙara wa kwamfuta gudu sun iso wayoyin samarinmu, har masu haɗa bidiyon biki da masu shagon hoto da 'yan wasan gem a Wurno da Rabah da Goronyo sun fara tambayar juna yadda ake yi. Abin da ake nufi shi ne a shiga saitin BIOS a tilasta wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Masu bidiyoyin koyarwar suna nuna abin kamar wata garaɓasa ce da kamfani ya ɓoye maka. Ni kuwa ina ganin cinikin ba ya biyan yawancinmu a nan gabashin Sakkwato, kuma wanda ya nace zai yi, to ya yi da lissafin garinmu, kada ya ari na mai bidiyon koyarwa.

A da abin yana da riba sosai. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Mutane suka gano cewa sauya saiti guda yana kai ta 450, ƙarin rabi cur ba tare da ƙarin ko sisi ba. A 2011 aka samu Core i5-2500K mai gigahaz 3.3, wadda mutane da yawa suka riƙa kaiwa 4.5 da fanka mai kyau kawai. Daga nan labarin ya samo farin jininsa. Amma kamfanonin sun farga. Furosesa ta yanzu, ko ta Intel ko ta AMD, tana auna zafinta da wutar da take samu, ta ƙara wa kanta gudu in da hali, ta rage in babu. Abin da ya rage wa mai ƙari da hannu ɗan kaɗan ne. Masu gasar da suka haura gigahaz 9 a ƙarshen 2022 da ruwan iskar hiliyam suka sanyaya tasu, don su nuna lamba na ɗan lokaci, ba don su haɗa bidiyon ɗaurin aure ba.

Ga lissafin da ba a cika faɗa ba. A ce ka ɗaga gudu daga gigahaz 4.5 zuwa 4.8. Ƙarin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. Bidiyon da ke ɗaukar awa guda kafin ya fita zai fita a minti 56 ko kusa da haka. Don furosesa ta tsaya daram a wannan gudun, galibi sai an ƙara mata ƙarfin wuta, kuma zafi ba ya bin ƙarfin wuta taki-taki, tsallake yake yi. Daga bolt 1.20 zuwa 1.35 kaɗai ya isa ya ƙara wutar da take ci da fiye da kwata. In ka haɗa da ƙarin gudun, ta kai wajen kashi ɗaya bisa uku. Minti huɗu ka saya da wannan. Wanda ke aiki da janareta ko batirin sola ya san inda kuɗin zai fito.

Sai babbar maganar, zafi. Mai bidiyon koyarwar yana zaune a ɗaki mai na'urar sanyaya, digiri 22 ko ƙasa da haka, yana nuna maka furosesarsa ta tsaya a digiri 80 yana murna. Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi. Iskar ɗakin take ɗiba ta hura wa ƙarfen da ke kan furosesa, don haka duk digiri ɗaya da ɗakinka ya fi nasa zafi, kusan digiri ɗaya zai hau kan taka furosesar. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a inuwa, balle shago mai rufin kwano da azahar. Tamanin ɗinsa ya zama ɗari a wurinka. Wajen ɗari kuwa nan ne iyakar yawancin furosesoshin Intel, na AMD da yawa kuma tsakanin 90 da 95. Da ta kai nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ka ƙara wuta don ta yi sauri, ta koma tana tafiya ƙasa da yadda ka same ta. Duk wanda ya taɓa buɗe wa injin ban ruwa wuta har ƙarshe a fadamar Wurno da rana tsaka ya san abin: ruwan da ya ƙaru kaɗan ne, mai ya tafi, injin kuma ba ya taɓuwa don zafi.

Hunturu ma yana da nasa tarkon. Da dare a Janairu komai zai tafi lafiya, ka ɗauka ka dace da saiti. Bazara na shigowa kwamfutar ta fara ɗaukewa tsakiyar aiki. Ga ƙura kuma. Buɗe murfin kwamfutar da ta ci hunturu ɗaya a shagon bakin hanya ka cire fankar furosesa: za ka tarar da ƙura ja ta yi dabe tsakanin haƙoran ƙarfen, ta haɗu da zare da gashi, har kana iya ɗago ta da yatsa a dunƙule. Ɗaga ƙarfen kuma, man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya tsattsage, kana kankarewa yana zuba gari. Kwamfutar da ke wannan hali ta daɗe tana rage wa kanta gudu. Bulowa da sabon mai su ne za su dawo mata da abin da ta rasa.

Da yawa ma ba za su kai ga wannan muhawara ba. Kwamfutocin tebur na hannu da ake sarowa daga Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo na ofis, a kulle suke zuwa. BIOS ɗinsu ba shi da wurin ƙara gudu. A ɓangaren Intel sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, da madabod, wato babban allon kwamfutar, mai harafin Z. Ryzen na AMD, da suka fara fitowa a 2017, kusan duk a buɗe suke, amma suna son madabod na B ko X. In wani ya ce zai sa maka manhajar da za ta ninka gudun OptiPlex ɗinka, riƙe kuɗinka.

To, a ce kana da kayan da suka dace kuma kana son koyo. Ban ga laifin wannan ba, hasali ma nan ne amfanin abin yake, don yana koya wa mutum aunawa da haƙuri. Fara da kwashe aikin mutane ka adana a wani wuri. Sa manhajar HWiNFO ka ga zafi, ka gudanar da manhajar gwaji ta Cinebench ka rubuta makin da ka samu kafin ka taɓa komai, a takarda, da biro. Idan tun a nan zafi ya haura 85, magana ta ƙare, gyaran sanyaya ne aikinka. Idan da sauran fili, gudun furosesa megahaz 100 ne ake ninkawa da wata lamba, 45 ta ba da gigahaz 4.5. Ƙara ɗaya tak, ka kunna, ka matsa mata da OCCT ko Prime95 na aƙalla rabin awa kana kallon zafi. Kada ka bar ƙarfin wuta a kan Auto, don madabod yakan zuba fiye da buƙata. In za ka ƙara, ƙara 0.01 a lokaci guda. Ka yi gwajin ƙarshe da azahar a watan da ya fi zafi, ƙofa yadda take a ranar aiki. In ta ƙi tashi gaba ɗaya, zare wuta, ka cire ɗan batirin madabod mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci, saitin zai koma na kamfani. Kuma kada ka sabunta BIOS sai kana kan UPS ko inbata, don ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya kashe madabod.

Ƙarfin wuta ba abin wasa ba ne, ko masu ƙera abin sun ɗanɗana. A 2024 Intel ta amsa cewa wutar da ta wuce kima ce ke lalata wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara musu garanti na shekara biyu. Ɓarna irin wannan a hankali take ci, sai wata rana gudun da furosesa ta saba yi ya gagare ta. Garantin ma ba ya rufe abin da ƙarin gudu ya lalata, in har kana da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne kwamfutar kasuwa. Furosesar da aka matsa wa ba kullum take mutuwa a fili ba. Wani lokaci kuskuren lissafi take yi jifa-jifa, fayil ya lalace, bidiyon walima ya tsaya a minti na arba'in bayan an riga an goge na cikin kyamara. Biki kuma ba a maimaita shi don mai bidiyo. Kwamfutar da ke ɗauke da amanar mutane ba wurin gwaji ba ce.

Mai shago da ke son sauri ya cire tsohon had-disk ya sa SSD, ya kai ram gigabait 16 in madabod zai ɗauka, ya sayi fawa-fak na kirki da sitabilaiza, ya ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ya busa ta duk wata a lokacin hunturu. In hannunsa na ƙaiƙayin shiga BIOS, ya gwada rage ƙarfin wuta kaɗan-kaɗan maimakon ƙarawa, da gwaji iri ɗaya. A zafinmu furosesar da ta sha iska ta fi daɗewa a kan babban gudunta. Ƙarin gudu kuwa a bar wa kwamfuta ta biyu, wadda in ta mutu ba za a zo ƙofar gida neman hoton amarya ba.