Spider-Man: Ɓarawon Da Aka Bari Ya Wuce

Duk wanda ka tambaya yadda aka yi Peter Parker ya zama Spider-Man, amsa ɗaya zai ba ka, wato gizo-gizo ne ya cije shi. Haka ne, amma iyakar abin da cizon ya ba shi shi ne ƙarfi da iya manne wa bango. Abin da ya mai da shi jarumi ya faru ne daga baya, kuma a kan wannan abin ne masu shirya finafinai na Holiwud suka shafe sama da shekara ashirin suna tufka da warwara. A ganina, kyau ko munin kowane fim ɗin Spider-Man yana rataye ne a kan yadda ya riƙi wannan gaɓa.

Bari mu koma tushe. Labarin ya fara fitowa ne a mujallar zane-zane ta kamfanin Marvel mai suna Amazing Fantasy, fitowa ta 15, mai ɗauke da kwanan watan Agusta na 1962. Stan Lee ne ya rubuta, Steve Ditko ya zana, kuma duka-duka shafi 11 ne. Lee ya sha faɗa cewa maigidansa Martin Goodman bai so labarin ba, wai mutane na ƙyamar gizo-gizo, kuma yaro matashi ba ya jan labari sai dai ya zama yaron jarumi. Fitowar ita ce ta ƙarshe ga mujallar, amma da aka ga irin cinikin da ta yi, sai aka buɗe wa Spider-Man tasa mujallar a 1963. Kwafin da aka sayar santi 12 a lokacin, a 2021 an yi gwanjon guda ɗaya a kan dala miliyan 3.6.

To me ke cikin shafukan nan 11? Peter maraya ne, ɗan sakandare a birnin Niyok, yana hannun baffansa Ben da matarsa May. Yana da ƙwaƙwalwa, amma 'yan ajinsu sun mai da shi abin tsokana, 'yan mata kuwa ko kallo bai ishe su ba. Ya je kallon wani nunin kimiyya, gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa ya cije shi, sai ga ƙarfi ya samu. Kada mai karatu ya ɗauka taimakon jama'a ya fara. Ina! Filin kokawa ya nufa don ya ci dala 100, daga nan ya ɗinka riga, ya ƙera na'urar harba saƙa da kansa, ya shiga talabijin neman kuɗi da suna. A wannan matakin halinsa ya fi kusa da na Gizon tatsuniya: wayo, da son kai, da cikinsa kawai ya sani.

Wata rana bayan ya gama wasa a gidan talabijin, sai ga ɓarawo a guje, ɗan sanda na bin sa yana kiran a tare. Ƙafa kawai Peter zai sa masa, amma ya ƙyale shi ya wuce, ya nuna wa ɗan sandan cewa shi yanzu ta kansa yake yi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo gida ya tarar ɗan fashi ya harbe Baffa Ben. Ya bi sawu cikin fushi har wani tsohon ɗakin ajiyar kaya, ya damƙe mutumin, ya dubi fuskarsa. Ashe ɓarawon nan ne da ya bari ya wuce. A nan labarin ya ƙare, yaro na tafiya shi kaɗai cikin duhu. Ita ma shahararriyar maganar nan a kan nauyin da ke wuyan mai ƙarfi, a wannan mujallar ba daga bakin Ben ta fito ba, marubucin ne ya rufe labarin da ita.

Ka kwatanta da sauran manyan jarumai. Superman, wanda ya fito a 1938, yana jariri duniyarsu Krypton ta tarwatse. Batman na 1939 yana ƙaramin yaro aka kashe iyayensa a gabansa. Su biyun ba su da hannu a musibar da ta same su. Peter kuwa da hannunsa a ciki dumu-dumu, kuma ba wani mugu da zai kama wanda zai goge wannan. Shi ya sa ba ya iya ajiye rigar ko da ya so.

Fim ɗin darakta Sam Raimi na 2002, wanda Tobey Maguire ya ja, shi ne ya fi fahimtar haka. Ya canza wasu abubuwa: gizo-gizon ya zama wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, saƙar kuma daga hannun Peter take fita. Babban canjin shi ne, an yi alƙawarin dala 3,000 ga wanda ya jure minti uku a filin kokawa, Peter ya yi nasara, mai shirya wasan ya cuce shi ya miƙa masa dala 100. Nan take ɗan fashi ya kwashe kuɗin mutumin, Peter ya kauce masa ya wuce. Za a iya cewa Raimi ya nema wa yaron uzuri, tunda a mujalla ba wanda ya cuce shi, girman kai ne zalla. Amma dubi abin da uzurin ya haifar. Ɗan kallo ma ji yake yi ai gara haka, alhaki ne ya kama macuci. Mintoci kaɗan sai ga Ben, wanda Cliff Robertson ya fito a matsayinsa, kwance a bakin titi yana cikawa. Ka ga laifin ya zama namu da Peter, domin tare muka ji daɗi. Wannan aikin gwani ne. Fim ɗin shi ne na farko da ya haura dala miliyan 100 a ƙarshen makon da aka sake shi a Amurka.

Abin takaici, Raimin ne da kansa ya zo ya kwance a kashi na uku a 2007. Wai ashe Flint Marko, wato Sandman, shi ya harbi Ben, kuma bisa kuskure, lokacin da abokinsa ɓarawon ya zo a guje ya firgita shi. Masu kare fim ɗin za su ce har yanzu da sauran laifin Peter, don da ya tare ɓarawon da ba a firgita Marko ba. Gaskiya ne, amma laifin da sai an zauna an yi dogon lissafi kafin a gano shi ba ya hana mutum barci. An sadaukar da ƙashin bayan labarin don kawai a samar wa sabon mugu hanyar shiga.

Fim ɗin Marc Webb na 2012 da Andrew Garfield ya ƙara dagula al'amarin. Ɓarawon kanti ne Peter ya ƙyale don mai kantin ya wulaƙanta shi a kan santi biyu, kuma har fim ya ƙare bai kama shi ba, sai hankali ya karkata ga sirrin mahaifinsa. A kashi na biyu a 2014 aka ce mahaifin ya yi amfani da ƙwayoyin halittarsa ne wajen samar da gizo-gizon, don haka sai jininsa kaɗai cizon zai yi wa aiki. Shi ke nan, yaron unguwa da tsautsayi ya faɗa wa ya koma ɗan gado.

Na Tom Holland kuwa, fim ɗin 2017 tsallake asalin ya yi baki ɗaya, attajiri Tony Stark ya zama uban gida mai ba da riga. Sai a 2021 aka kashe May, bayan ta ƙarfafa masa gwiwa ya taimaki miyagun da suka faɗo duniyarsu. Fitowar na da taɓa zuciya, ba musu, sai dai ma'anar ta juye: a 1962 son kai ne ya jawo mutuwa, a nan kuwa tausayi ne.

Marubutanmu na littattafai da masu tsara labarin fim na da abin ɗauka a nan. Mun saba da jarumi wanda aka zalunta, shi fari tas, duk sharri na kishiyar uwa ne ko na attajirin gari. Lee da Ditko, waɗanda dukansu suka rasu a 2018, sun nuna cewa mai karatu ya fi riƙe jarumin da ya yi kuskuren da kowa zai iya yi, irin na ganin ɓarna a kau da kai a ce ba ruwana. Wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba, ya fara da na 2002, ya bi da na 2004. Na 2007 kuwa, a kalle shi don faɗace-faɗacen, amma kada a yarda da abin da ya faɗa game da mutuwar Baffa Ben.