Likitan da Ya Iya Tambaya

A kasuwanninmu, daga Getso har Kabo, mai tallan maganin maza amsarsa ɗaya ce ga kowa: basir ne, ko sanyi. Likitan da ya san aikinsa kuwa, a Babban Asibitin Gwarzo yake ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba ya wannan gaggawar. Saurin kawowa ba a ganinsa a hoto ko gwajin jini, da tambaya ake gano shi, kuma yi wa magidanci mai kunya irin wannan tambaya gwaninta ce babba.

Mutum zai shigo ya ce, "Likita, rauni nake ji." Gwani ba ya tsayawa nan. Sai ya rufe ƙofa, ya sassauta murya: "Malam, tun farkon aure ne, ko daga baya ya zo?" Rabin aikin yana cikin wannan tambayar. A ma'aunin da ƙungiyar masanan fannin ta duniya ta fitar a 2014, mai matsalar tun asali yakan kawo cikin kamar minti 1, wanda ta same shi daga baya kuma lokacinsa ya ragu zuwa minti 3 ko ƙasa. Sai kuma ya zama ba ya iya riƙewa, abin kuma yana damunsa.

Daga nan likita zai bi diddigi. In mata biyu ne, da kowacce hakan ke faruwa? Ko sai ya dawo daga ci-rani? Gaban na miƙewa sosai, ko tsoron kada ya kwanta ne ke sa shi sauri? Wannan ta ƙarshe tana burge ni, domin in raunin gaba ne tushen, shi ake fara magancewa, a duba suga da hawan jini. Zai tambayi zafin fitsari, da ko an taɓa shan taramol aka daina.

Wani ma lafiyarsa ƙalau, hirar majalisa ce ta ruɗe shi. Wani bincike na 2005 a ƙasashe 5 ya nuna matsakaicin lokacin bai kai minti 6 ba, kuma gaya masa haka shi ma magani ne.

Ɗan'uwa, in za ka je asibiti, ka tafi da kwalayen duk abin da kake sha, ka kuma faɗa wa likita gaskiya.