Zane 365 na Leah Day: yana koyar da hannu, bai koyar da bargo ba

Duk wadda ta fara neman yadda ake ɗinkin bargo na sakin hannu a keken gida, ba za ta yi nisa a YouTube ba sai ta ci karo da Leah Day. Ba'amurkiya ce daga jihar North Carolina. A 2009 ta ɗaurar wa kanta niyyar ƙirƙiro zane 365, kowane da bidiyonsa kyauta, daga baya aka tara su a littafi mai suna 365 Free Motion Quilting Designs. Da yake 'yan'uwa mata a nan Amurka suna yawan tambayata ko su saya, ga abin da na gani.

Ga wadda ba ta san ɗinkin ba: bargon hawa uku ne, yadi a sama, auduga a tsakiya, yadi a ƙasa, kamar lifidin dawakan sarakunanmu. A ɗinki na yau da kullum haƙoran keke ne ke jan yadi. A wannan kuwa ke ce mai ja, gaba, baya, gefe, duk inda kika so. Tsawon kowane ɗinki ya dogara ne kan daidaiton ƙafarki a feda da saurin hannunki. Hannu ya riga ƙafa, zare ya yi dogon tsalle, bayan bargo ya fito da gashi-gashi a wurin kwana. Ƙafa ta riga hannu, ɗinki ya cushe har farke shi ya gagara.

A nan Leah ta cancanci yabo. Ta nuna cewa keken da ke ɗakinki ya isa, ba sai kin ci bashin babbar na'ura ba. Ta kuma saɓa wa yawancin masu koyarwa, waɗanda ke cewa dole a saukar da haƙoran keke. Ita takan bar su a sama, ta mai da tsawon ɗinki sifili, ta rufe su da shimfiɗa mai santsi, domin a wasu kekuna saukar da su na dagula ɗaurin zare. Na gwada a nawa, kuma wallahi ya yi. Safar hannu mai kama yadi da take sawa ma ba ado ba ce, tana rage matsa yatsu.

To, ina matsalar? Kowane zane a kan ƙyalle mai inci 4 ta ɗinka shi. Bargon gadon mutum biyu kuwa faɗinsa na kai inci 90, alhali tsakanin allura da jikin keken gida inci 6 ne ko 7. Ta wannan 'yar kafar za ki cusa rabin bargo, nauyinsa na ja ta gefen tebur, allura na neman karyewa. Wadda ta ƙware a ƙyalle sai ta hau bargo ta ga kamar ba ta taɓa koyo ba. Da yawa a nan suke ajiye keken, suna zaton hannunsu ne ba shi da kyau.

Na biyu, zanen sun cika matsewa. Kika bi su yadda suke a bargon rufa, zai fito da tauri kamar tabarma, ga cin zare, ga cin lokaci. Ki duba ledar audugarki, akan rubuta tazarar da take ɗauka tsakanin layi da layi, wata har inci 10. Bargon da yaro zai dunƙule ciki a sanyin Janairu laushi yake so.

Na uku, littafin kansa yawanci hotuna ne, bayanin yana cikin bidiyo. Hoto ba ya nuna miki inda allura ta fara da inda ta juya.

Sai abin da aikina na jinya ba zai bar ni in yi shiru a kai ba. Ƙananan zane na sa mutum ya sunkuya, kafaɗa a ɗage, wuya a sandare. Mace ta taso daga aikin awa 12 tana juya marasa lafiya, ta zo ta ƙara wannan, kafaɗar za ta karɓi bashinta. Ki jingina tebur da bango ya tare nauyin bargon, gwiwar hannu ta daidaita da saman keke, kuma ki riƙa miƙewa akai-akai.

Shawarata, ki fara da bidiyon tunda kyauta ne. Ki zaɓi zane uku, ki faɗaɗa su, ki yi ta zana su da biro a takarda har hannu ya haddace, sannan ki ɗinka bargon jariri ki gama shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Littafin kuwa ki bari sai kin gama bargo biyu ko uku, lokacin ne zai yi miki amfani.